Muƙamuƙin Adote

Bukom, Akra
Juma'a, 13 ga Maris, 1987

Zuwa ga maigidana, Baban Adote,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya teku, yaya mutanen jirginku duka? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka, ina kuma fata matan Abijan ba su mantar da kai hanyar gida ba, don yau wata bakwai rabona da ganin wannan sanƙon naka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Kifi ne dai ya yi wuya, murhun banda biyu kawai nake hurawa cikin biyar.

Bayan haka, gobe Asabar da la'asar ɗanka zai hau dandali. Da wani Bediako zai kara, mutumin Kumasi, wai tun da ya fara dambe bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Wanda ya ci a cikinsu shi zai nemi kambun ƙasa. Ka san shekara uku Adote yana jiran wannan rana. To saura ƙiris a fasa, kuma ni na hana a fasa. Ina rubuta maka ne tun kafin ƙaninka Okai ya riga ni, don tun da ya zama kocin yaron nan, ko ruwan sama aka yi sai ya ce horonsa ne.

Tun da Adote ya koma gidanku na maza kamar kowane ɗa namiji a al'adarmu, ba kullum nake ganinsa ba, kwano ne ke kawo mini labarinsa. In na ba ƙanwata Ashoko ƙullin dokunu huɗu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ɓawo, da kifi da yajin shito ta kai, kwanon kan dawo kamar an wanke. Ran Lahadi sai ga dokunu uku sun dawo. Ran Litinin ko ɓawon masarar ba a kwance ba. Ban tsaya tambayar kowa ba, na ɗaura zane na nufi gidan.

Na same shi zaune a tsakar gida, gefen tsohuwar tayar da suke duka, ya tallafe kunci. Baban Adote, fuskar ɗanka ta hagu ta kumbura har idon ya ƙanƙance, jikinsa zafi rau. Okai na ganina ya washe baki.

"Matarmu, me ya kawo ki cikin maza da rana tsaka? Ko kin gaji da jiran yayana ne?"

Na ce, "Ko na gaji ba wurin ƙanzon tukunya zan zo ba. Me ka yi wa ɗana?"

Ashe mako biyu da suka wuce wani ƙaton ɗan dako da suke gwaji da shi ya fasa masa haƙorin ciki na ƙasa, rabi ya fita, rabi ya zauna yana ruɓewa, suka ɓoye mini. Na kama kunnen Okai na murɗe har sai da ya durƙusa. Na ce yanzu-yanzu a kai shi wurin likitan haƙori. Ya ce in an cire haƙori babu dambe sai bayan wata guda, kuma in likitan hukumar dambe ya ga wannan fuska ranar gwajin nauyi, Bediako zai koma Kumasi da nasara ko gumi bai yi ba. Sai Adote ya yi magana ta tsakanin haƙora, don bakin ba ya buɗuwa fiye da yatsa biyu. Ya ce, "Awo, uwata, in za ki kai ni asibiti, ki haɗa da akwatin gawata."

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ba na so a fasa. 'Yar Bukom ce ni, nan aka binne cibiyata. Na ga yaron nan yana gudu a rairayin bakin teku tun yana shekara goma sha biyu, ba zan so haƙori ɗaya ya rusa wannan duka ba.

Ina komawa gida sai dabara ta faɗo mini. Ka tuna ƙwayar nan, sha-ka-fashe, wadda Ashoko ke sayarwa a ƙarƙashin tebur? Wadda na sha bara kafin bikin Homowo don in yi ƙiba zane ya zauna mini, har ka riƙa zolayata wai siririya ka aura an musanya maka? To a lokacin, gwiwata da ta shekara a kumbure cikin kwana biyu ta sace. Na ce abin da ya sauke gwiwa ai zai sauke kunci. Na daka huɗu na zuba a koko da safe, huɗu da yamma, na kai masa da kaina na tsaya a kansa har ya shanye.

Ran Laraba zazzaɓi ya tafi. Jiya kumburi ya sauka, ya cinye dokunu uku, sai da Okai ya ƙwace na huɗun saboda nauyi. Yau likitan hukuma ya duba idonsa, ya saurari ƙirjinsa, ya buga hatimi, ko kallon muƙamuƙin bai yi ba. Okai ya zo har bakin murhuna yana rawa, wai daga yau sunana Dakta Lamile. Na kore shi da itace.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Da Adote ya sunkuyo zai gaishe ni, wari na fita daga bakinsa, kuma ƙarƙashin haɓarsa da tauri in ka taɓa. Okai ya ce tsoka ce, haka wuyan ɗan dambe yake. Ran Litinin dai zan kai shi a cire haƙorin, ko da ɗaure shi zan yi.

Ka sa shi a addu'a. Ka gaishe mini da mutanen jirgi, ka kuma riƙa shafa man nan a bayanka.

Ni ce matarka mai kewarka,
Lamile


Bukom
Lahadi, 15 ga Maris

Baban Adote,

Ina gaishe ka, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Tare da ta farko za ta iso, don direban da zai kawo su sai gobe zai tashi.

Ɗanka ya ci. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta, sauran labarin ba mai daɗi ba ne.

Ka san ba na zuwa kallon dambensa, amma jiya na je, ni da Ashoko, muka kutsa har gindin kusurwarsu. Fili ya cika maƙil, har kan rufin gidaje mutane ne. Bediako dogo ne mai dogayen hannuwa, ba ya ko ƙifta ido. Turmi na farko da na biyu Adote ya yi ta zagaya shi yana saƙa masa naushi a haƙarƙari, Bukom na ihu. A turmi na uku ne mutumin ya sami muƙamuƙin hagu da hannun dama. Adote ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Ni na ji, Bediako ma ya ji. Daga nan ya bar ciki, ya bar ido, ya tare a wuri ɗaya. In sun rungumi juna ya sa kai ya goga a wurin, in alƙali ya raba su ya sake kai naushi nan dai. Mutanen kusurwarsa suna ta yi masa tsawa da yarensu, suna nuna nasu muƙamuƙin.

Da aka buga ƙararrawar tashi daga turmi na biyar, Okai ya zare masa robar baki. Jini ya biyo ta, haɗe da wani abu rawaya mai kauri, warin ya iso har inda nake tsaye. Da idona na ga ƙaninka ya tura robar cikin bokiti ya rufe da tawul kada alƙali ya gani.

Na ce, "Okai, jefa tawul ɗin nan cikin dandali, a tsayar da wasan."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Matarmu, koma ki hura murhunki, nan ba wurin kifi ba ne."

Na kama igiya zan hau, maza biyu suka fizgo ni ta zane. Na cire takalmi na fasa wa ɗaya leɓe. Ɗan Ata Ashong ne ma, dattijon gidanku, in ka dawo ka ba uban haƙuri. Kafin in ƙwace an koma wasa.

A turmi na shida duka kawai ya sha. Gira ta fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya, ƙafafunsa na rawa, amma ya ƙi faɗuwa, taurin kan gidanku. A na bakwai Bediako ya saki jiki ya zo gamawa. Adote ya sunkuya ya soka masa hagu a ƙarƙashin haƙarƙari, mutumin ya buɗe baki yana neman iska, sai dama ta same shi a haɓa. Ƙeyarsa ta bugi katako, ƙafarsa ɗaya na karkarwa, alƙali ya ƙirga har goma bai tashi ba. Mutanen Kumasi suka ce an yi saurin ƙirge, wani ya jefo kwalba, shi ke nan fili ya hargitse. Benci ya tashi sama, kawuna suka fashe, na ga wani yana rarrafe yana neman guntun kunnensa. Ashoko ta rasa ɗankwali da takalmi ɗaya.

Cikin wannan hargitsi samarin unguwa suka ɗaga Adote a kafaɗa, suna zuba masa farar hoda suna waƙa. Kowa na murna, ni hannunsa nake kallo. Bai ɗaga shi sama ba ko sau ɗaya. Wuyansa ya riƙe, yawu na dalala a ƙirjinsa.

Gidan maza suka wuce da shi. Yau bayan coci na je, na tarar da dattawanku zaune a ƙofa da kwalbar giyar akpeteshi, suna zuba wa kakanni suna shan saura. Suka ce yana hutawa, kuma jinyar ɗan dambe ta maza ce, wai a gidanku mace ba ta ganin rauni sai ya kwana uku. Okai ya leƙo ya ce kumburin ya dawo, amma na naushi ne, yana gasa masa da ruwan zafi. Ya ce, "Dakta, a taimaka mana da ƙwayar nan mana, ita ce ta san shi."

Na aika masa takwas.

Tun jiya mata ke shigowa yi mini barka, ina dariya ina ba su kifi. Tsoro nake ji, Baban Adote, ban san na mene ne ba. Gobe da safe ko dattawan duniya ne a ƙofar sai na shiga.

Ka huta lafiya.

Taka,
Lamile


Barandar asibiti
Laraba, 18 ga Maris

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, tafin hannuna a naɗe yake da bandeji. Adote yana da rai. Duk abin da za ka karanta a ƙasa, ka riƙe wannan.

Ran Litinin da hantsi na je gidanku. Ata Ashong ya miƙe zai tare ni, na ture shi ya zauna cikin kwata. Na banka ƙofar ɗakin. Yaron na zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyi, ya miƙa wuya gaba. Ba ya iya kwanciya, ba ya iya haɗiye yawu. Daga kunne zuwa kunne ƙarƙashin haɓarsa ya zama abu ɗaya, mai tauri kamar katako. Harshensa ya taso ya tokare sama har ya leƙo waje. Duk numfashin da zai ja sai ka ji wani fito siriri. Okai na tsugune da tsumma da ruwan zafi, wai yana gashi.

Ban san lokacin da na ɗauki filafilin kwale-kwalenka da ke jingine a bango ba. Dukan farko ya sami Okai a kafaɗa, na biyu a hanci, na ji ƙashin ya ba da ƙara. Bai rama ba. Ya tare da hannu yana cewa, "Kashe ni daga baya, uwar Adote, mu kai shi tukuna." Sai da ya faɗi haka na ajiye. Shi ya goya shi har titi, jinin hancinsa na zuba a hannun yaron, muka sami tasi.

A asibiti wani likita Agbeko ya karɓe mu, ɗan gajere, mutumin Keta. Kallo ɗaya ya yi masa ya sa aka kawo gado mai taya, aka jingina shi a zaune, aka sa masa ƙarin ruwa da allurar kashe cuta. Ya tambaya me aka ba shi a gida. Okai ya sunkuyar da kai, don in hukuma ta ji za ta ƙwace masa lasisi. Ni na kwance bakin zane na miƙa ragowar ƙwayar a takardarta. Ya karanta, ya tambayi nawa, kwana nawa. Na faɗa.

Ya ce, "Mama, gobara ce ta tashi a ɗaki, kika rufe ƙofa don kada maƙwabta su ga hayaƙi. Wannan deksa ce. Tana sauke kumburi, amma tana ɗaure wa jiki hannu ya kasa faɗa da cuta. Mako guda ruɓa na cin hanya daga haƙori zuwa wuya, ba mai tare ta."

Abin da kunnena ya ji shi ne na kashe ɗana da deksa. Sunan ya zauna a kaina, daga nan ban ƙara jin abin da ake faɗa ba.

Sai ga nas ta zo da faranti, da sirinji da 'yan kwalabe biyu. Ka san makarantar midil da na yi ba ta tafi a banza ba. Na karanta jikin kwalbar, harufan nan ne dai na takardar Ashoko.

Na ce, "'Yata, mene ne wannan?"

Ta ce, "Deksa ce, Mama, matsa mini."

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ni ban gudu ba, farantin na kai wa duka. Kwalaben suka faɗi a siminti, na bi su na tattake, na damƙe sirinjin a hannunta har ya karye a tafina. Ta kwaɗa mini mari, na cafke gashinta. Ma'aikata biyu suka danne ni a ƙasa, na ciji ɗaya a damtse har na ji gishirin jini. Ina ta ihu wai sun haɗa baki za su ƙarasa shi.

Likita bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Waɗannan biyun su kaɗai suka rage a sashen nan." Ya ce akwai mutum a ɗakin tiyata, sai an jira awa guda ko fiye, kuma allurar ce yake fatan ta sassauta kumburin maƙogwaro ta riƙe wa iska hanya har lokacin, a yi masa aiki cikin barci. Ya tura a karɓo wata a ɗakin magani. Aka tarar da shi a kulle, mai makulli ya fita.

Kusan awa guda muna nan, ni a kusurwa, Okai ya riƙe mini hannu kamar ɓarauniya. Fiton ya yi ta sirancewa, sai ya tsaya. Adote ya zabura, ya fizge ƙarin ruwan, yana yagar wuyansa da farce, leɓɓansa suka koma toka-toka. Ya kai wa nas naushi ta faɗi kan kujera. Likita ya ce a danne shi. Maza huɗu suka hau ɗanka, Okai ya danne goshinsa da ƙirji, ni aka ce in kwanta a kan ƙafafunsa. A nan inda muke, ba allurar barci, ba komai, likita ya lalubi maƙogwaro cikin wannan kumburi ya tsaga da aska. Bai samu ba a yankan farko. Jini ya yi tsartuwa har fuskarsa, ya sa yatsa cikin ramin yana lalube, ya sake yanka. Ƙafafun yaron suna dukan cikina, suna duka, sai suka daina. Na ɗauka shi ke nan. Sai na ji iska ta shiga da ƙara, aka tura bututu.

Ba a jima ba wanda aka aika ya iso da gudu, da maganin a hannu. Likita ya kalle ni, jini a gilashinsa, ya ce, "Mama, zan sa. In da sauran faɗa, ki yi da ni." Na ce ya sa.

A tiyata sun tsaga ƙarƙashin haɓarsa wuri uku, mugunya ta cika kwano, haƙorin kuwa gutsi-gutsi aka ciro shi. Jiya da yamma likita ya zauna kusa da ni a wannan benci ya yi mini bayani a hankali, duk da ban cancanta ba. Ya ce maganin ba mugu ba ne. Shi kaɗai cikin koko, ga mai irin wannan ciwo, halaka ne. Amma in an tsaga an fitar da ruɓa, ana kuma ba da allurar kashe cuta a kan lokaci, to shi ke sauke kumburi da wuri, na 'yan kwanaki kawai, likita na kallo. Na kuwa gani da idona, yau harshen ya koma cikin baki, wuyan ya fara laushi. Na tambaye shi, da ban fasa kwalaben ba, da ba a yanka shi ido biyu ba? Ya ce, "Ba zan rantse ba. Amma wataƙila."

Garin gyaran gira na tsokale ido, sau biyu kuwa. Na ba shi lokacin da bai kamata ba, na hana lokacin da ya kamata. Abin da nake gode wa Allah a kai, sa'ad da na yi haukan nan yaron ba ya cikin hayyacinsa, bai san abin da uwarsa ta yi ba. Na roƙi Okai kada ya faɗa masa, ya ce shi ma yana da nasa abin ɓoyewa. Hancinsa ya karkace. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Kada ka bar aikinka tukuna, likita ya ce ya tsallake. Ka yafe mini in za ka iya.

Matarka,
Lamile


Bukom
Alhamis, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Baban Adote,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki? Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Na gode da ba ka zage ni ba, ko da yake da ka zaga da na fi jin sauƙi.

Shekaranjiya aka sallame shi. An cire bututun, amma ramin bai gama rufewa ba, in zai yi magana sai ya danne audugar da yatsa. Muryar a dishe take, likita ya ce yanka na biyu ya taɓa wurin, mai yiwuwa haka za ta zauna. Dambe kuma ya ƙare, ruɓar ta ci ƙashin muƙamuƙi, naushi ɗaya zai raba shi biyu. Bediako da ya sha ƙasa shi zai nemi kambu a watan gobe.

Mako uku na yi a barandar asibiti. In nas ta ba shi koko ya sha, in Ashoko ta ba shi ya sha, har Okai da karkataccen hancinsa. In ni ce sai ya juya fuska bango. Na ɗauka zafin ciwo ne, na ce zai wuce. Na share ɗakina a gidan mata, na shimfiɗa masa sabuwar tabarma, na kuma shirya wa dattawanku, don na san za su ce namiji ba ya kwana cikin mata. Har wuƙar kifi na sa a jaka, kada ka yi dariya.

Ba wanda ya yi faɗa da ni. A ƙofar asibiti na ce gidana za mu, Okai ya ce, "Ki tafi da shi, uwar Adote, kin fi ni iya jinya." Sai yaron ya ɗaga yatsa ya danne wuyansa.

"Awo, ina ganinki."

Na ce, "Yaushe, ɗana?"

"Ranar. Idona biyu. Likita ya faɗa mini a kunne, ya ce in daure, ga allura nan za ta buɗe mini hanya. Ina kallon farantin yana zuwa." Ya saki yatsa ya ja iska, ya sake dannewa. "Ina so in ce ki bari. Babu murya. Kika bi su kika tattake."

Na ce don shi na yi.

Ya ce, "Na sani. Kokon da bakina na sha, ban riƙe ki ba. Baba Okai ma ban riƙe shi ba, ni na ce in ya jefa tawul zan kashe shi. Amma in na rufe ido, ƙafarki nake gani. Ki ba ni lokaci."

Bai faɗa da fushi ba. Ya shiga tasi kusa da ƙaninka, suka tafi gidan maza, aka bar ni tsaye da jaka.

Jiya na je. Dattawan da suka hana ni shiga da, su suka janye ƙafafu suka ba ni hanya, Ata Ashong har da cewa sannu. Na tsaya a bakin ɗakinsa, ina jin numfashinsa ta bayan labule. Na kira sunansa. Ya taso a hankali, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, ya tura ƙofa.

Na fasa hanci, na fasa leɓe, na ciji damtse, duk wanda ya tsaya tsakanina da yaron nan na ture shi. Yanzu shi da kansa ya tsaya, ban san inda zan kama ba. Ban taɓa ce maka ka bar teku saboda ni ba, yau na ce. Kai yana jin maganarka. Ka zo ka roƙar mini ɗana.

Ni ce matarka,
Lamile